Ɗan Asabe da Matakala ta Goma Sha Uku

A ƙasar da aka kai ni karatu akwai wani tsohon gidan ibada na Kiristoci a bakin gari, inda waɗansu maza suka keɓe kansu, ba aure ba kasuwa. Cocinsu yana da doguwar hasumiya. Safe da yamma mutum biyu ko uku sukan hau can ƙololuwa da abin busa na tagulla, su busa gabas, su juya su busa yamma, manoman karkarar kuma su san lokaci ya yi. Wata rana wani abokin karatu ya tambaye ni ko muna da irin wannan a gida. Na ce masa a'a, ban ko tsaya tunani ba. Hasumiyarmu ta muryar ladan ce kaɗai, busa da kiɗa kuwa suna ƙasa, wurin biki da kasuwa. Da na dawo gida aiki ya kai ni Bakura, sai na ji ana labarin wani mahauci da ya taɓa busa ƙaho a kan hasumiyar masallaci. Ban gaskata ba, na ɗauka ƙarin gishirin 'yan tasha ne. Na yi ta cigiya har aka nuna mini shi a rumfar balangu. Yawancin abin da ke tafe daga bakinsa na ji, sauran daga bakin waɗanda suka gani da idonsu.

Sunansa Ɗan Asabe, mutumin Tungar Barau, can tsakanin Bakura da Birnin Tudu. Sunan ne kawai tunga. Gari ne tsoho mai ragowar ganuwa, yana zaune a kan tudu yana kallon fadama, bayan fadama kuma gulbi, tafiyar rabin sa'a ga mai ƙafa. Ta nan ake ƙetaro da shanu daga arewa zuwa kasuwar Talata Mafara, shi ya sa rabin garin mahauta ne da masu fataucin shanu.

Ɗan Asabe cikin fawa aka haife shi, amma bai yi nisa a cikinta ba. Ba shi da idon sayen sa, sai dai gashi: balangunsa an yarda da shi har Mafara. Abin da ya bambanta gidansu da sauran gidajen mahauta shi ne ƙaho. Ko'ina kalangu ne kiɗan fawa, to a Tungar Barau akwai kuma wani ƙahon gwanki, baƙi, mai ramin busa a gefe, an naɗe bakinsa da jar fata. Kakansa ya busa shi, ubansa ya busa, ya zo kansa.

Wurin busar shi ne soron ƙofar gari, mai hawa biyu, wanda babu ginin da ya kai shi tsawo a wannan yanki. Kowace Litinin da yamma, jajiberin kasuwa, mai ƙaho yakan hau ya duba gulbi, in ya ga lafiya ya busa wata busa mai jan rai wadda kowa yake ji da cewa, "Hanya lafiya, ku taho." Masu shanu su miƙe su ƙetaro, mata a gida su san lokacin ɗora tukunya ya yi. Da damina kuwa kullum safe sai ya hau.

Akwai busa ta biyu, ita ce tushen wannan labari. Sarkin Fawa na farko a garin, Nagode, an ce wata shekara ruwa ya taho ba zato, shi kaɗai ya kore shanun kasuwa gaba ɗaya zuwa tudu. Daga nan ya sami take: "Nagode, kora su tudu!" Duk wanda ya gaji sarautar da wannan take ake yi masa kirari. In ya kayar da babban sa, mai ƙaho yakan tsaya a ƙofar gidansa ya busa, mata su aiko da kwanoni. Amma in aka busa wannan take daga kan soro, ba kirari ba ne kuma. Umarni ne: ruwa yana tafe, duk mai rai a gulbi ya fita. Busar iri ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. Bambancin kawai inda mai busa yake tsaye. Ta ƙasa katangun gari suke shanye ta, ba ta wuce ganuwa. Ta sama kuwa takan bi kan fadama har ƙetaren gulbi. Wanda ke gulbi in ya ji taken Nagode, ba ya bukatar tambaya, tunda ta iso shi daga sama take.

Duka ɗaya Ɗan Asabe yake tunawa ubansa ya yi masa, ranar da ya kama shi yana gwada taken a matakalar soro, ko rabi bai hau ba. Ya ce masa, "In ƙahwarka ta bar ƙasa, wanga take ba naka na ba. Na masu rai na." A shekara ashirin da 'yan kai da ya riƙe ƙahon, sau uku kaɗai ya busa taken daga sama, duk cikin damina, duk kuma ruwan ya zo.

Sai aka fara aikin dam a Bakolori.

Da farko labari ne ake kawowa daga Mafara ranar Talata: manyan motoci, Turawa masu jajayen wuya, garuruwan ƙasar Maradun da aka ce ruwa zai ci. Daga baya abin ya iso har ƙofar gida. Aka auna fadama, aka kafa turaku, motoci suka baje ta ta koma kamar faifai. Manyan itatuwan da ake kwatance da su suka tafi. Aka haƙa wata babbar hanyar ruwa ta siminti wadda ta ratsa tsakanin gari da gulbi, ta yanke tsohuwar hanyar ƙafa, wanda zai je mashaya sai ya zagaya ta gada, tafiyar da ta ninka ta da sau uku. Samarin gari suka watse wurin aikin lebura. Shekara biyu a jere ba a sami hannun da zai yi wa soro yaɓe ba. Ɗan Asabe ya yi magana a dandali, ya yi magana a gidan suna, har aka fara cewa ga mai soro nan tafe, kowa ya kama gabansa. Shi da ƙanensa Yari suka liƙe abin da suka iya liƙewa. Damina ta uku, wata safiya bayan ruwan kwana biyu, hawan sama ya rufta ciki.

Ba wanda ya ji ciwo, ba kuma wanda ya damu sosai. Gwadabe, Sarkin Fawa na lokacin, ɗan wan ubansa ne, mutum mai ƙiba da son raha. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan Asabe, gulbin ma an ɗaure shi kamar akuya. Mi za ka tsare muna? Huta, ka ji da gashinka."

Gaskiya ne gulbi ya daina zuwa yadda aka san shi. Amma wannan shi ne abin da ya hana Ɗan Asabe sakewa. A da ruwa yana da alamu: kumfa, jan launi, tarkacen kara, tsuntsaye su tashi. Yana da wata, yana da lokaci. Yanzu an ce yana bayan ƙofofin ƙarfe, ranar da aka ga dama a buɗe, ko da rani ne tsaka. Yakan tsaya da yamma a kan tarin ƙasar soron, wanda bai fi tsayin mutum ba, ya miƙa wuya, ba ya hango komai sai zafi yana rawa a kan fili. Ya ɗauki ƙahon ya rataye a ɗaka. Wani lokaci yana cikin juya nama sai ya tsaya ya kasa kunne, har naman ya ƙone. Matarsa Shatu ta ce ya rame, ya ce zafin wuta ne. A cikin wannan tsakani haƙorinsa na gaba ya fita, ya riƙa taɓa gurbin da harshe yana tunanin ko leɓensa zai iya riƙe iska kuma.

Ranar da abin ya faru Litinin ce, cikin bazara. Tun ranar Lahadi saƙo ya iso wurin mai gari cewa za a saki ruwa ranar Litinin da azahar. Sanƙira ya zagaya gari ya yi shela, ya sake yi da safe. Kowa ya ji, ba wanda ya nufi gulbi. Yari kuwa ba ya gari. Kwana tara ke nan da ya tafi arewa da waɗansu Fulani masu kora, don taho da shanun Gwadabe da na mutane, kuma sai Litinin ta sama ake sa ran su. Ɗan Asabe ya lissafa kwanakin a yatsunsa har sau biyu da safen nan, ya ga da saura, duk da haka koko bai shiga ba.

An sallame azahar ke nan, yana hura wuta a rumfa, sai ga Shatu da kanta, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Ba ta taɓa tako rumfar ba tun da aka kawo ta garin.

"Malam, mai nono ta zo yanzu. Ta ce ta baro su Yari cikin gulbi."

"Wane Yari?"

"Yari nawa gare ka? Ta ce da hantsi sunka sauka mashaya ta sama, shanu sun kai tamanin. Sun tona yashi suna shayarwa."

Ɗan Asabe ya san al'adar masu kora kamar yadda ya san tafin hannunsa. Sukan sauka cikin busasshen gulbi, su tona ruwa a yashi, shanu su kwanta, su kuma su raɓe a inuwar gaɓa su yi barci har rana ta yi sanyi. Ba wanda zai motsa kafin la'asar sakaliya. Sun fito daga daji, ba su ji shela ba. Ruwan da aka saki da azahar kuwa, an ce kafin la'asar ko bayanta kaɗan zai iso.

Ya bar wutar ya ruga gidan Gwadabe. Nan da nan aka nemo Ayuba, wani magidanci mai keke, aka ce ya taka. Ayuba ya ɗaure bakin wandonsa yana cewa, "Zan tai, amma ku sani sai na zagaya gada, daga can kuma yashi na, turawa za ni yi. In na isa kahin la'asar, to ba ni na tuƙa ba." Ya tafi. Gwadabe, wanda raha ta gudu daga fuskarsa, ya juyo ya dubi Ɗan Asabe. Bai ce ƙaho ba. Ɗan Asabe ma bai jira ya ce ba.

Ya koma gida ya sauko da ƙahon daga bango, ya kakkaɓe yanar gizo, ya zuba ruwa a ciki ya zubar. Ya hau tarin ƙasar soro ya fuskanci gulbi. Ta farko iska ce kawai ta fita ta gurbin haƙori. Ya gyara leɓe, ya karkata ƙahon gefe, ta biyu ta kama. Nagode, kora su tudu. Ya sake. Ya sake.

Da ya sauke don ya numfasa, sai ya ga mata biyu tsofaffi sun tsaya a gindin tarin, kowace da kwano a hannu, ga ta uku tana tafe.

"Ɗan Asabe, ina anka kayar da san?" in ji ta farkon, wata gwaggonsa mai suna Baturiya. "Mun je ƙohwar Sarkin Hwawa ba mu ga ko kunne ba. Ko ka tsuhwa har ka mance gidan ubangidanka?"

"Gwaggo, ba sa ba na! Ruwa na, su Yari na gulbi!"

Tsohuwar ta dubi tarin ƙasar, ta dube shi. Ta sauke kwanon a hankali. "To ai ƙasa kake, ɗan nan. Mu da ke nan ma nama munka ji. Wa za ya ji ka can?"

Ya sani tun kafin ta faɗa. Ya juya yana duban garin kamar baƙo. Ɗakunan ciyawa, 'yan soraye gajeru da bai fi a miƙa hannu a taɓa indararonsu ba. Rimin bakin kasuwa an sare shi bara. Idonsa ya yi ta zagaye yana kauce wa wuri ɗaya, har ya rasa inda zai kai shi, ya tsaya a can. Hasumiyar masallacin Juma'a: matakala ta ƙasa manne da bangon kudu, hawa goma sha huɗu, da ɗan dandamali a sama inda ladan ke tsayawa. Ba ta kai soro ba, amma ta fi komai da ya rage.

Shi mutum ne mai sahun gaba, ko da yake a gefe. Ya san abin da malamai ke faɗa game da bushe-bushe. Ya san kuma Liman, Malam Sanusi, sa'ansa ne, tare suka yi allo, amma tun da ya hau limanci bai taɓa tsayawa inda ake busa ƙahon ba, in ya hango shi da shi a hannu yakan sauya hanya. Ɗan Asabe ya tuna fuskar ubansa, ya tuna Yari da yadda yake barci da hula a kan fuska, ba ya jin ko tsawa. Ya sauko daga tarin ya nufi masallaci, ƙahon a ɓoye cikin riga kamar kayan sata.

Ya tarar da Liman a zaure da littafi a gabansa. Ya durƙusa. Ko a wannan hali bai iya tsallake gaisuwa ba.

"Allah gafarta Malam, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau, Ɗan Asabe. Ya iyali?"

"Lahiya lau."

"Ya zahi?"

"Lokacinai na."

"Madalla. Mi ke cikin rigarka?"

Ya fito da shi. Ya faɗi abin da ke tafe da shi, kalmomin suna karo da juna: Yari, shanu tamanin, mutum biyar, ruwa, Ayuba da keke, soro. Bai iya furta abin da yake roƙo ba, sai ya ɗaga ido ya dubi wajen hasumiya.

Liman ya rufe littafin. Inuwar bakin zaure ta riga ta fara miƙewa gabas.

"Ka san abin da kake roƙo?"

"Na sani, Malam."

"Shekara nawa ana kiran sunan Allah a wurin nan, ba a taɓa kiran wani ba. Kai kuma za ka hau ka kira Nagode. Mahauci."

"Ba shi nika kira ba, Malam. Yari nika kira."

"Da taken mahauci."

"Shi kaɗai sunka sani."

Liman ya shafa gemu ya dubi ƙahon, irin kallon da ake yi wa abin da ba a so a taɓa.

"In tambaye ka, ka gaya min tsakaninka da Allah. Kiɗi za ka yi ko kira?"

"Kira, Malam. Wallahi kira."

"To in ka ƙara ko ƙwara ɗaya don daɗin kunne, kai da Ubangijinka. Kana da alwala?"

"Ta karye."

"Je ka yi. Ka tuɓe takalmi. Ka ba gabas baya, gulbi za ka duba. Matakala goma sha huɗu ta, ta ƙarshe da dandamalin na ladan na, kada ƙahwarka ta taɓa su. Kuma in lokacin la'asar ya yi, ka sauko, ko sun ji ko ba su ji ba. Ba a jinkirta kiran salla don ƙaho."

Bai taɓa yin alwala da sauri irin ta ranar ba, bai kuma taɓa jin tsoron kuskure a cikinta kamar ranar ba. Ya hau yana ƙirgawa. Ƙasar matakalar ta ɗauki rana tana ƙona tafin ƙafa. A ta goma sha uku ya tsaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, wuri ƙunci, babu abin dafawa. Ya ɗaga kai. Karon farko cikin shekara biyu ya ga gulbi: farin zare can nesa, bayan filin da aka baje. Mashaya ta sama tana bayan wata kwana, gaɓa ta kare ta. Bai ga sa ko ɗaya ba.

Ya busa.

Daga sama muryar ƙahon daban take, shi kansa ya ji. Ta fita ba abin da ya tare ta. A ƙasa mutane suka firfito, suka ɗaga kai. Wani ya yi salati da ƙarfi. Wani dattijo ya ce, "A kan masallaci? Yau mun ga ƙarshen zamani!" Liman ya fito ya tsaya a gindin matakala, ya harɗe hannu a baya, bai dubi kowa ba. Ganin haka ba wanda ya matso.

Sau uku ake busawa a huta, haka ubansa ya koya masa. Ya yi uku ya duba. Ba komai. Ya yi uku. Iskar bazara tana kaɗawa daga kudu, a gicciye, ya rasa ko tana kai busar ko tana ɓatar da ita. Tunani ya fara cin sa. Ko sun ji sun ɗauka mafarki ne. Ko Fulanin nan sabbi ne ba su san taken ba. Yari ya sani, amma Yari da hannunsa ya kwashe ƙasar soro, ya san babu sauran wurin hawa a garin. In ya ce kunnensa ne fa? Leɓensa ya tsage a gurbin haƙorin, ya ji gishirin jini. Ya duba kudu, wajen da ruwa zai ɓullo, ya ga wani abu yana ƙyalli, ya kasa rabe ko ruwa ne ko rana ce a kan yashi. Ya ƙara uku. Ƙirjinsa ya yi zafi.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba sai da ya ji gyaran murya a bayansa. Ladan ne, a matakala ta goma, ya sunkuyar da kai.

"Ɗan Asabe, lokaci ya yi."

"Uku kaɗai, don Allah."

Ladan ya leƙa ƙasa. Liman ya girgiza kai, sau ɗaya.

Ɗan Asabe ya sauke ƙahon. Ya manna bayansa da bango don ladan ya wuce, ya ƙara duban gulbi. Babu ƙura, babu motsi. Ya sauko yana jin Allahu Akbar a saman kansa, ya jingina ƙahon a waje, ya shiga sahu. Ya ce har yau bai san me ya karanta a wannan salla ba. Ana cikin raka'a ta uku ya ji wani sauti can ƙasa-ƙasa, kamar motar kaya a nesa, wanda bai yanke ba. Duk wanda ya girma a bakin gulbi ya san shi.

Ana sallamewa maza suka kwasa zuwa gada. Shi bai iya gudu ba, numfashinsa ya ƙare a sama. Ya bi su a baya yana tafiya yana tsayawa, Gwadabe yana haki a gefensa. Sun wuce gada da kaɗan suka hango ƙura. Sannan ƙahonin shanu. Sannan Ayuba yana tura keke, da wani dogo a gefensa, jiƙe sharkaf har ƙirji, ba hula.

Yari ne. Mutum biyar duk sun fita. Shanu uku ruwa ya tafi da su, waɗanda suka ƙi tashi da wuri.

Ɗan Asabe ya zauna a ƙasa, a tsakiyar hanya. Yari ya zo ya tsuguna gabansa.

"Yaya, ina ka hau?"

"Kai dai ka ji?"

"Tun ta hwarko na ji. Na ce ma mutane ku kwanta, Gwadabe ya kayar da sa, yayana na neman tsoka."

"Don ubanka, daga gulbi kake jin ta ƙasa?"

"Abin da tsohon Bahillacen nan ya ce ke nan. Na ce mai soro ya hwaɗi, ni na kwashe ƙasatai, babu inda za ya hau. Munka tsaya gardama, kai kana ta busa. Sai ya ce, 'Yari, ko bisa hadari ya hau, sama yake. Tashi.' Muna kai na ƙarshe gaɓa, ruwa na dukan ƙahwahunmu." Ya dubi leɓen yayansa. "To ina ka hau?"

Da aka gaya masa, Yari bai yi dariya ba. Ya kama baki.

Abin bai wuce haka kawai ba. Waɗansu sun ce Liman ya yi daidai, rai ya fi komai. Waɗansu sun ce an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba, har mutum biyu suka koma yin Juma'a a wani gari. Akwai wanda ya daina sayen balangun Ɗan Asabe har ya mutu. Liman bai taɓa tayar da maganar a huɗuba ba, bai kuma daina sauya hanya in ya hango ƙahon ba. An yi ta cewa za a sake gina soro, sai shekarar da ta biyo ta zo da tashin hankalin filayen dam da ya sha kan kowa a wannan yanki, wanda mutanen Birnin Tudu ba sa son a tuna musu. Maganar soro ta bi ruwa. Ɗan Asabe bai sake busa daga sama ba. Daga baya ya komo Bakura da rumfarsa, ƙahon yana rataye a ɗaka. Ya ce har yanzu in ya ji an ce za a saki ruwa, yakan kama kansa yana duban gine-gine, yana auna wanne ya fi tsawo.

Ranar da muka yi hira ta ƙarshe na ba shi labarin masu busa a hasumiyar cocin nan. Ya saurara yana juya nama, ya tambaya ko su har dandamalin suke hawa. Na ce har can. Ya ce, "To su an yarje musu." Malam Sanusi ya rasu shekaru kaɗan kafin wannan hira, don haka na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Baba, da Liman ya hana fa? Da ka hau, ko da ka bari?"

Ya ajiye wuƙar.

"Malam, kullum na yi salla sai na yi mai addu'a, kahin ma in yi ma ubana. Ba don ya bar ni na hau ba. Don ya raba ni da sanin amsar wagga tambaya taka."